KAFAƊA BAYAN AIKIN LIKITA: YADDA ƘARFI KE KOMOWA

Lacca domin manoma, da 'yan dako, da 'yan dambe, da sauran masu cin abinci da ƙarfinsu a ƙasar Kankiya da Kusada

Maganar yau a kan kafaɗa ce. Daga Rimaye zuwa Kafin Soli, daga Yashe zuwa Mawashi, da wuya a sami gidan da ba kafaɗa ke ci da shi ba. Ita ke jan galma da damina, ita ke ɗora buhu a mota ran kasuwa, ita ke jawo guga, ita ke ɗaga taɓarya. Kadan kaka ta yi, ita ke kai naushi a filin dambe. Ga kuma samarin zamani, waɗanda su kan zuba siminti a gwangwani, su soka ƙarfe a tsakiya, su riƙa ɗagawa don neman ƙwanji. Saboda haka ran da kafaɗar maigida ta tsaya, cikar rumbu ce ta tsaya.

Akwai mutanen da aka yi wa aikin kafaɗa a asibiti, aiki kuwa ya yi kyau, amma suka ɓata shi da kansu, waɗansu don gaggawa, waɗansu don tsoro. Likita ya kan gama nasa cikin sa'a ɗaya ko biyu. Sauran aikin, na wata shida ko fiye, na mai kafaɗa ne da mutanen gidansa.

YADDA KAFAƊA TA KE

Gaɓar kwatangwalo kamar taɓarya ce a cikin turmi, ramin da zurfi, ba ta fita sai da babban haɗari. Amma gaɓar kafaɗa kamar tulu ne a kan gammo. Kan ƙashin damtse babba ne, gurbin da ya ke zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ƙarami ne, ba zurfi. Wannan ya sa hannu ke juyawa ko'ina, har babu gaɓar da ta kai ta sakewa, kuma cikin manyan gaɓoɓi babu wadda ta kai ta yawan gocewa. Abin da ke riƙe da tulun shi ne wani guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin, watau gammon ke nan, da kuma tsoka huɗu waɗanda jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin.

Cikin gocewa goma, tara ta gaba su ke fita, yawanci sa'ad da hannu ya ke sama an bankare shi baya, kamar mai shirin jifa, ko kuwa mutum ya faɗo daga babur ya tare ƙasa da hannu. In ƙashin ya fita ya kan yage gammon nan. Shi ya sa saurayin da kafaɗarsa ta goce kafin ya kai shekara 20, sau da yawa ta kan riƙa komawa gocewa, har ta kai ko miƙa ya yi sai ta fita. Wanda ya wuce shekara 40 kuwa, jijiyoyin tsokan nan huɗu su suka fi tsinkewa, sai ya ga ya kasa ɗaga hannu, ga ciwo da dare.

INDA A KE ZUWA

Ba kowace gocewa ke bukatar tiyata ba. Da yawa mayarwa kawai a kan yi, a rataye hannu, sa'an nan a bi da motsa jiki. Amma tilas a fara ɗaukar hoton ƙashi, gama wani lokaci gocewa ta kan zo tare da karaya, ido kuwa ba ya gani. Maɗora mutanen gari ne, jama'a sun san su, amma babu hannun da ke ganin cikin nama. Jan hannu da ƙarfi, da taka hammata da ƙafa, suna iya karya ƙashi ko su lalata jijiyar da ke kai ji ga hannu. Wanda ya ji rauni ya nufi Babban Asibitin Kankiya ko asibitin da ya fi kusa da shi, a ranar, kada ya kwana. In abin ya fi ƙarfin nan, sai a tura shi Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko kuwa Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959.

Aikin kansa ba sabon abu ba ne. A 1923 wani likitan Ingila mai suna Bankart ya bayyana yadda a ke ɗinke gammon da ya yage a mai da shi bakin gurbinsa. A 1954 wani likitan Faransa, Latarjet, ya fito da dabarar ɗauko ɗan guntun ƙashi daga gaban allon kafaɗa a kafa shi inda bakin gurbin ya cinye. Har yanzu da sunayensu a ke kiran ayyukan nan biyu.

DAINA CIWO BA WARKEWA BA NE

A nan yawancin mutane ke ruɗuwa. Magina sun san yaɓe ya kan bushe a waje alhali cikin katanga ɗanye ne, wanda kuwa ya ɗora azara a kan ɗanyen gini ya san abin da zai tarar da safe. Haka kafaɗa. Fata ta kan haɗe cikin mako biyu, a cire zare, ciwo ya lafa. Amma jijiyar da aka ɗinke a jikin ƙashi ba ta kama sosai sai bayan kamar mako 12, tana kuma ci gaba da ƙara ƙwari har wajen shekara guda. Kafin nan zaren likita kaɗai ke riƙe da ita, zare kuwa ba ya ɗaukar buhu.

A ɗauki misalin samari biyu da aka yi wa aiki rana ɗaya. Na fari ya ji ciwo ya tafi cikin mako na huɗu, ya jefar da maratayi, abokai suka zuga shi ya kama bakin buhu. Ɗinki ya tsinke, kuɗin da dangi suka sayar da tumaki suka tara ya tafi a banza, aiki na biyu kuwa ya fi na fari wuya. Na biyu tsoro ya kama shi, ya ƙi motsa hannu har wata huɗu, bai koma asibiti ba. Kafaɗa ta sandare, ko hula ba ya iya sa wa kansa. Duk biyu sun yi hasarar damina. Hutu da motsi duka magani ne, amma kowanne da lokacinsa.

MATAKI HUƊU

Likitan da ya yi aikin shi ne ya san abin da ya ɗinka, maganarsa ita ce gaba da ta kowa. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi kuma su ke koyar da motsin, gama aikinsu ba gashi kaɗai ba ne. Amma ga yadda tafiyar ta kan kasance ga yawancin mutane.

Na ɗaya, daga ranar aiki zuwa mako 4 ko 6. Hannu yana cikin maratayi dare da rana, sai wajen wanka da motsin da aka koyar. Kada a ɗauki abin da ya fi kofin shayi. A riƙa motsa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu kullum. In likita ya yarda, mai ciwo ya sunkuya ya dafa kujera da hannun lafiya, ya saki ɗayan yana lilo a hankali. Kwanciya a jingine ta fi daɗi, da matashi a bayan damtse. Kada ruwa ya taɓa miki har a cire zare. Wajen alwala da sujada kuwa, addini ya yi wa mara lafiya sauƙi, sai ya tambayi malaminsa. Tuƙa babur babu shi.

Na biyu, daga mako 6 zuwa 12. An ajiye maratayi, hannu ya fara ɗaga kansa. A kwanta rigingine a kama sanda da hannu biyu, mai lafiya ya taimaki mai ciwo zuwa sama. A tsaya gaban bango a riƙa hawa da yatsu, a yi alama da gawayi inda aka kai, a duba kowace Juma'a a ga ko an ƙara. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya yi sakaci a nan shi kafaɗarsa ke sandarewa. Har yanzu dai babu nauyi.

Na uku, daga wata 3 zuwa wajen wata 5. Yanzu ne a ke fara neman ƙarfi, ba kuwa da manyan tsoka a ke farawa ba, da ƙananan nan huɗu ne masu riƙe tulu a kan gammo. Igiyar roba irin ta ɗaure kaya a babur ta isa. A ɗaura ta a ƙyaure, a manna gwiwar hannu a haƙarƙari, a ja waje sau 10 zuwa 15, a huta, a sake har sau uku, sa'an nan a juya a ja ciki. Awon nauyi kuwa yana cikin gida, gama lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A fara da gorar rabin lita, a koma lita guda, a koma biyu, a kai galan. Aikin da ke ƙasa da kafaɗa shi a ke fara yi, na bisa kai ya biyo baya.

Na huɗu, daga wata 5 ko 6 zuwa gaba. Sai likita ya gwada ya ga hannun ya kusa kama ɗan'uwansa wajen ƙarfi da wajen juyawa. Manomi ya fara da fartanya sa'a guda da sanyin safiya kafin ya taɓa galma. Ɗan ga-ruwa ya fara da rabin jarka, gama jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Ɗan dako ya tuna buhun taki ko na siminti kilo 50 ne, ya fara da kama-kama. Mai daka ta fara da ƙaramar taɓarya. Mai ɗaga ƙarfe ya koma ƙasa da rabin abin da ya saba, ya bar saukar da ƙarfe ta bayan wuya, in kuma yana kwance yana turawa, kada ya bar gwiwar hannu ta zurma ƙasa da gadon. Ɗan dambe da ɗan kokawa su ne na ƙarshe, gama bankarewar da a ke yi kafin a saki naushi ita ce ainihin inda kafaɗa ke fita. Ko makaɗi ya kira sunan mutum ya yi masa kirari, gara ya zauna kallo kaka ɗaya da ya bar fili har abada.

Ma'aunin duka ɗaya ne. Gajiyar da ta wuce da kwana ba laifi. Ciwon da ya kwana ya tashi da mutum, ko ya hana shi barci, alama ce an zarce, sai a koma nauyin makon jiya.

ABUBUWAN DA KE JAWO ƁARNA

Na fari shi ne ƙwaya. Tiramol da irinsa su kan rufe bakin ciwo, mutum ya yi ta aiki yana yage ɗinkinsa bai sani ba, ga kuma sabo mai wuyar bari. Kada a sha sai abin da likita ya rubuta, gwargwadon yadda ya rubuta. Taba tana rage jinin da ke kai wa jijiya abinci, tana jinkirta kamawa. Mai ciwon sukari ya tsare awonsa, don kafaɗarsa ta fi saurin sandarewa. Kada a yi tsaga, ko ƙaho, ko gashi da ruwan zafi a kan miki. Abinci mai gina jiki kuwa yana nan a gida: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, zogale.

A koma asibiti nan da nan in aka ga ɗayan waɗannan: zazzaɓi, ko miki ya yi ja yana fid da mugunya, yatsu sun yi sanyi ko sun mutu, an ji wani abu ya tsinke, ƙarfi ya tafi gaba ɗaya, numfashi yana sarƙewa.

A YI LISSAFI DA DAMINA

Sabon rauni ba ya jiran lokaci. Amma wanda kafaɗarsa ta daɗe tana gocewa, likita kuwa ya ba shi zaɓin rana, sai ya yi shawara da shi a kan kalandar gona. Wanda aka yi wa aiki a Disamba, bayan an kai dawa gida, zai cika wata shida a Yuni, daidai faɗuwar ruwa. Wanda aka yi wa a Mayu, daminar nan ba tasa ba ce, ya kamata a faɗa wa dangi tun da wuri su shirya.

A nan ne jama'a ke da nasu rabo. Gayya ba ta mutu ba a ƙasar Katsina. Masu unguwanni da limamai da sarakunan noma su sa ido, a nome wa mai jinya gonarsa, a haɗa masa kuɗin mota ran da asibiti ta sa masa. Abokai su daina ce masa rago. Yawancin masu tsinka ɗinki ba wauta ke sa su ba, tunanin tuwon yara ne da gudun gori. In aka ɗauke musu waɗannan biyu, za su iya haƙurin wata shida, baɗi kuwa su ne za su riƙe galma a gayyar wani.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kawo damina mai albarka, amin.