Irin Shuka Mai Jure Fari: Ina Rabon Makiyayi?

Jawabi a taron makiyaya da fataken shanu a unguwar Waliya, Njamena



Dattawan da ke nan ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da garke ya riƙa ƙarewa a kan hanya. Saboda haka in aka ce an samo irin shuka mai jure fari da gishiri, dole mu kasa kunne, domin inda hatsi ya yi, nan kara da harawa da dusa suke.

Ga yadda abin yake. In ƙishirwa ta kama shuka, sai ta rufe ƙananan kafofin ganyenta don kada ruwa ya fita, rana kuwa tana ta dukanta. Daga nan wani dafi ke taruwa a cikin ganyen yana cinsa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Gishiri da kanwa kuma suna hana saiwa jan ruwa, matsalar da manoman Bol a bakin Tafkin Cadi suka sani sarai. Abin da masana ke yi shi ne su ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta mai juriya su sa wa amfanin gona. A Ajantina, a 2020, an amince da alkamar HB4 mai jure fari. A Nijeriya, cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fito da masarar TELA a 2024, wadda aka yi don ta jure tsutsa da matsakaicin fari. Ku lura da kalmar, matsakaici. Irin farin 1984 babu masarar da za ta tsaya masa.

To ina abin ya shafe mu? Ta fuska biyu.

Ta farko, abincin dabba. Mai bincike buhu yake ƙirgawa, mu kuwa damin kara da harawa muke ƙirgawa. Burkina Faso ta karɓi auduga mai sauyayyen gado a 2008, ta bar ta a 2016, domin ta kori tsutsa amma zarenta ya gajarce. Wato iri yana iya gyara gaba ya ɓata baya. Kafin a yaba kowane iri, a tambaya: karansa nawa, kuma saniya tana ƙiba da shi?

Ta biyu ita ce babba. Yawancin makiyayar da ta rage mana, an bar mana ita ne don shuka ba ta yi a wurin, ko don ƙarancin ruwa ko don kanwa. Ranar da aka sami irin da zai yi a can, garma za ta biyo shi. Mun riga mun ga misali da masakwa, wadda a nan ake kira berbere: tana nuna da danshin ƙasa kawai, ta kuma shiga fadamun da shanu ke rani. Dokar kiwo da majalisa ta zartar a 2014 kuwa, an janye ta kafin ta fara aiki.

Ba gāba muke da manomi ba, hatsinsa muke ci, takinmu yake so. Abin da muke nema uku ne. Na ɗaya, a shata burtali da mashaya da makiyaya, a kafa musu alama, kafin a raba sabon iri a kowane yanki. Na biyu, a kai karansa da harawarsa cibiyar binciken dabbobi ta Farsha a gwada, a faɗa mana sakamako da harshen da muke ji. Na uku, masana su tuna da gamba da burgu, domin su ma shuka ne, su ne kuma gonar makiyayi.

Ku fatake masu ƙetare gadar Ngeli zuwa Kuseri da kasuwannin Nijeriya, in kun sayi harawa ko dusa, ku tambayi irin da ta fito, ku kawo mana labari.

Ardo-ardo, ku isar da wannan magana ruga-ruga kafin damina ta faɗi.