Koyon Aikin Lambu A Birnin Furanni

Mutanen Sin suna yi wa Guangzhou kirari da Birnin Furanni. Kowace shekara, gab da sabuwar shekararsu ta gargajiya, akan ci kasuwar furanni a titunan birnin har tsakar dare. Da yawa daga cikin masu renon tsire-tsiren da ake sayarwa a makaranta suka koyi sana'ar.

Hanya biyu ce. Saurayi ko budurwa na iya shiga makarantar koyon sana'a ta shekara 3, inda ake koyon dashe, da auren itatuwa, da ban ruwa, da yaƙi da ƙwari. Mai son zurfafa ilmi kuwa sai ya nufi Jami'ar Aikin Gona ta Kudancin Sin, wadda tushenta ya faro tun 1909, ya yi shekara 4 yana nazarin kayan lambu da furanni da itatuwa irin su lemo da ayaba. Akwai kuma Jami'ar Zhongkai, wadda ta fara a matsayin makarantar noma da sana'a a 1927.

Wanda ya kammala yakan zama malamin gona, ko mai kula da lambunan birni, ko ya buɗe wurin renon dashe na kansa. Masu bincike kuwa sukan sami gurbi a babban lambun tsirrai da Chen Huanyong ya aza harsashinsa a 1929, wanda ya zama lambun ƙasa a 2022.

Ɗan mai lambu a fadamun Kano ya gāji ƙwarewar hannu. In ya haɗa ta da irin wannan karatu, lambun gado zai riƙe shi har tsufa.