Kare Mai Zabura a Hanya: Dorina ko Hanta?



Na lura wasunku sun yi murmushi da suka ji batun kare za a yi yau. Ku yi mini haƙuri na ɗan lokaci, domin ran wani kare ne ya tsayar da ni gabanku.

A gidan kawuna akwai wani baƙin kare mai gadi, ana kiransa Duna. Cikin gida lafiya lau yake, amma in an fita da shi a igiya ya hango mai keke, sai ya zabura, ya yi ta haushi kamar zai tsinke ta. Maganin da aka sani shi ne dorina. Aka yi ta dukansa, abin sai ƙaruwa yake yi. Ran nan ya kayar da wani yaro daga kan keke, kawu ya rantse in ya sake, kwanansa ya ƙare.

Abin da muka kasa ganewa shi ne, tsoro ke sa Duna haushi. Kullum ya ga keke, duka ke biyo baya. Ashe mu da kanmu muke koya masa cewa keke masifa ne.

Masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya nuna cewa in ana jiyar da kare wata ƙara kafin a ba shi abinci, a kwana a tashi ƙarar kaɗai za ta sa shi dalalar da miyau. A shekarar 1924 kuma, wata masaniya a Amurka, Mary Cover Jones, ta raba wani yaro da tsoron zomo. Yana cin abin da yake so, ana matso da zomon kaɗan-kaɗan, har ya kai ga taɓa shi. Wannan dabara na ara.

Na dafa hanta, na yayyanka ta kamar ƙwayar gyaɗa. Ban sa albasa ba, domin albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kare. Na tsaya da Duna nesa da titi, inda zai hango keke amma hankalinsa bai tashi ba. Da ya ga keke sai in miƙa masa hanta nan take. Keke ya wuce, hanta ta tsaya. A nan fa asirin yake: keke ne zai fara bayyana, sa'an nan abinci ya biyo. In kuwa ya ƙi karɓa, to, mun matsa kusa da yawa, sai mu ja da baya. Sau da yawa gaggawata ce ta mayar da mu baya, ba taurin kansa ba.

Wani zai ce ai wannan lada ne a kan rashin kunya. A'a, tun kafin haushin ake ba shi. Sai dai ku kiyaye: karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, wurin likitan dabbobi za a kai shi, don gudun ciwon haukan kare.

A mako na shida, mai keke ya wuce mu da taku goma, Duna ya dube shi, ya juyo ya dube ni yana jiran rabonsa. Babur kam har yanzu ba su shirya ba, muna kan aiki. Amma kawu ya rataye dorinarsa.