Agana Ta Tafi, Mashaƙo Ya Dawo: Riga-kafi Da Amana A Birnin Kano



In kuka dubi dantsen dattawanmu na cikin Birni, waɗanda aka haifa kafin 1970, galibi za ku ga wani ɗan tabo kamar an ɗora kwabo an ɗauke. Lamba ke nan, watau shaidar riga-kafin agana. Matasan da ke zauren nan ba su taɓa ganin mai agana ba, kuma ba za su gani ba, domin an ga ta ƙarshe a Nijeriya cikin 1970, ta ƙarshe a tsakanin jama'a a duniya kuwa a ƙasar Somaliya cikin 1977, sa'an nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar ƙarewarta a 1980. Cutar da ta makantar da mutane, ta zane fuskokinsu, ba a taɓa samo mata maganin warkarwa a wancan zamani ba. Da riga-kafi kaɗai aka kore ta, ana bi unguwa-unguwa, masu unguwanni na gaba, malaman asibiti na biye.

Abin da nake so in kafa a laccar nan shi ne: ƙwayar cuta ita kaɗai ba ta yin annoba sai ta sami hanya, kuma hanyar da ta fi faɗi a Kano cikin shekaru talatin da suka wuce ita ce raunin amana tsakanin talaka da mai allura.

Bari mu fara da hanyoyin da ido ke gani. Wanda ya san lungunan Birni, daga bayan Kasuwar Kurmi zuwa bakin Jakara, ya san yadda gidaje suka cushe, rijiya da masai suna maƙwabtaka a tsakar gida ɗaya, kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini sun zama matattarar ruwan kwata. Kwalara, da taifot, da shan inna duk ta nan suke bi: daga bayan-gidan wani zuwa bakin wani, ta ruwa ko ta hannun da ba a wanke ba. Sanƙarau, da ƙyanda, da tarin fuka, da mashaƙo kuwa numfashi suke bi, saboda haka ɗakin da mutum takwas ke kwana babu taga shi ne gonarsu. Sanƙarau ya fi tashi da rani, daga hunturu zuwa bazara, lokacin da ƙura da bushewar iska suka raunana hanci da maƙogwaro. Da ruwan sama ya sauka sai ya lafa.

A cikin 1996 aka yi sanƙarau mafi muni da aka rubuta a ƙasar nan. Fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 ne suka shiga gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar. Iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Shari'a ta ja har 2009, lokacin da aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

To, ku riƙe wannan a zuci, mu zo ga shan inna. Sunan kansa ya nuna abin da kakanninmu suka ɗauka: Inna ce, ta iskoki, ke shanye ƙafar yaro. Alhali kuwa ƙwayar cuta ce da ke zama a hanji. Abin lura game da ita shi ne, a cikin yara 200 da ta shiga jikinsu, kusan ɗaya ne kawai ke shanyewa. Sauran suna yawo lafiya lau suna yaɗa ta. Wannan shi ne amsar maigidan da ke cewa, gidana ba mai ciwo, me zai sa a ɗiga wa 'ya'yana magani?

Cikin 2003 magana ta bazu cewa an gauraya maganin ɗigon da abin hana haihuwa, har Gwamnatin Jiha, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta dakatar da aikin. Ba a koma ba sai Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo magani daga Indunusiya. Zargin ba shi da tushe. Amma ni dai ban yarda da masu cewa jahilci ne zalla ba. Mutumin da ya ji labarin 1996, wanda in ɗansa na zazzaɓi sai ya sayi magani da kuɗinsa, ga shi kuma ana bin sa har ƙofar gida da wani magani kyauta, lalle yana da dalilin tambaya. Laifin hukuma ne da ba ta tanadi amsa tun da wuri ba. Kafin a farga, ƙwayar da ta tashi daga arewacin Nijeriya ta sake shiga ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan, da Yaman, da Indunusiyar kanta. A Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano.

Yaya aka gyara? Da irin dabarar zamanin agana. Marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero ya fito da kansa ya ɗiga wa yara a gaban jama'a, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga, limamai suka yi bayani, aka ɗauki matan unguwa su shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta shanye a Jihar Kano an same shi a Sumaila cikin Yulin 2014, na ƙarshe a Nijeriya a Barno cikin 2016, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita. Ɗigon bai tsaya ba, domin inda yara da yawa ba su karɓa ba, raunanniyar ƙwayar da ke cikin maganin takan sami damar yawo har ta rikiɗe.

Sai ga mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 ya ɓarke, Kano ce kuma ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba su cika allurarsu ba. Ƙwayarsa kan shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaro har ta toshe numfashi, dafinta kuma ya taɓa zuciya. Wannan cuta ce da aka san riga-kafinta tun kafin a haifi iyayenmu. Allura uku ce, a mako na 6, da na 10, da na 14 bayan haihuwa, kyauta a asibitocin gwamnati, kuma tana tare da kariya daga tarin shiƙa, da sandarewar haƙori, da ciwon hanta. Uwa takan kai jariri ta farko, ya kwana yana kuka da zafin jiki, ba wanda ya gargaɗe ta cewa haka zai faru, sai ta ƙi komawa. Kalma biyu daga bakin malamar asibiti da sun wadatar.

Ku ma'aikata masu zaman ofis, kada ku ce zancen yara ne. Hawan jini da ciwon sukari ba su da allura, ba su kuma yin shela. Riga-kafinsu awo ne, da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya har da na ɗunƙulen miya, da tafiya a ƙasa. Wanda awonsa ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye, likita ya ɗora shi a kan magani, shi ma amanar ce ake nema wurinsa: ya ci gaba da sha ko da yana jin garau. Da yawa daga masu shanyewar ɓarin jiki da ake kaiwa Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano sun san suna da hawan jini, sun ajiye maganin ne da suka ji sauƙi.

Shugaba, nan zan dakata don a yi tambayoyi.