Kula da Gashin Ɓeran Masar

Yau hirarmu kan ɓeran Masar ce, mai dogon gashin nan. Suna kawai Masar ta ci, asalinsa Kudancin Amurka ne.

Shi fa ba ya iya gyara gashinsa da kansa. Kullum ki taje masa da mataji mai manyan haƙora, daga bakin gashi zuwa tushe, a hankali, kamar kina yi wa 'yarki tsifa. Inda ya cukurkuɗe kada ki ja, sa almakashi.

Gashin wajen gindi, nan ne haɗarin. Fitsari ya jiƙa shi, ƙuda ya zuba ƙwai, cikin kwana guda tsutsa ta ƙyanƙyashe ta kama cin namansa. Ki riƙa datse shi, kina dubawa safe da yamma. Da bazara kuwa ki rage gashin gaba ɗaya, don zafi yana kashe shi.