Rigar Fita

Karatu: Farawa 3:21, Ibraniyawa 10:23-25

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa masu bi na Ɗankaza da kewayen Wudil. An gama girbi, samarinmu da yawa kuwa za su ɗaure kaya su tafi cin rani, waɗansu Kano, waɗansu Abuja, waɗansu har Ikko. Maganarmu ta yau tasu ce, da ta iyayen da za su sallame su. Misalinmu kuwa za mu ɗauko shi daga 'yan sama-jannati.

Wanda ya taɓa ganin masunta a Kogin Wudil ya sani mutum ba ya daɗewa a ƙarƙashin ruwa, sai ya ɗago ya sha iska. To, a sararin samaniya babu inda za a ɗago, gama ba iska ko kaɗan. Mutumin da ya fita daga kumbo ba kariya zai suma cikin daƙiƙa 15 ko ƙasa da haka. Inda rana take bugawa, zafin ya fi na tafasasshen ruwa. Cikin inuwa kuwa, sanyin ya zarce na ƙanƙara da fiye da digiri 100.

Saboda haka ba mai fita aiki a bayan kumbo sai da riga ta musamman. Rigar tana riƙe iska kewaye da jikinsa. Jakar da ke bayansa tana ba shi iskar shaƙa, tana tsotse gurɓatacciyar da ya fitar, tana kuma zagaya ruwan sanyi cikin siraran bututu a jikinsa. Wato ya ɗebi iskar gida ya tafi da ita inda babu ita.

Abu na fari, ba shi ne ya ɗinka rigar ba. Rigunan da Armstrong da Aldrin suka sa suka taka wata a 1969, mata maɗinka ne suka ɗinka su a jihar Delaware ta Amurka, ninki 21, kowane mutum da awonsa. Jarumtakarsa ba ta isa ta ba shi numfashi ɗaya ba. Haka yake a karatunmu na fari. Adamu da Hawwa'u sun harhaɗa ganye don su rufe kansu, amma kafin su bar gonar, Allah da kansa ya yi musu sutura. Mu ma suturarmu ita ce adalcin Kristi, wanda ya saya mana da jininsa. Ba laya ba, ba wayo ba, ba sunan gidanmu ba.

Abu na biyu, igiya. Mutum na fari da ya fita daga kumbo shi ne Alekse Liyonof na Tarayyar Sobiyet, ran 18 ga Maris, 1965. Minti 12 ya yi a waje, rigarsa ta kumbura har sai da ya rage iskar ciki kafin ya iya komawa. Duk tsawon lokacin nan igiya mai wajen mita 5 ce ta haɗa shi da kumbon. Ɗan'uwa, in ka isa birni, nemi majami'a tun Lahadi ta fari. Kada ka ce sai ka sami aiki tukuna. Tafi da Littafi Mai Tsarki naka, ka kuma riƙa aiko da labari gida.

Abu na uku, kada a raina ɗan ɗigo. Ran 16 ga Yuli, 2013, wani ɗan Italiya mai suna Luka Farmitano yana aiki a bayan tashar sararin samaniya ta duniya, sai ruwa ya fara taruwa cikin hularsa, har ya rufe masa ido da hanci. Igiyarsa ya bi ya lallaɓo bakin ƙofa, abokan aikinsa suka jawo shi ciki suka cire masa hular. Mako guda kafin wannan an ga ruwa a hular, aka zaci daga jakar ruwan shansa ne. Haka zunubi yake shiga. Yau an bar addu'ar safe, gobe an yi ɗan ƙarya a ciniki, jibi an bi abokai mashaya. Shi ya sa karatunmu na biyu ya gargaɗe mu kada mu rabu da taron masu bi, mu riƙa kula da juna. Ɗan sama-jannati ma wani ne yake taya shi sa riga, ya duba masa inda idonsa ba ya kaiwa.

Iyaye da dattawan ikkilisiya, kada mu sallami yaranmu da guzurin gari da ƙuli-ƙuli kaɗai. Mu zauna da su, mu tambaye su inda suke da Ubangiji, mu haɗa su da wani mai bi a garin da za su.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, kai ne ka hura wa ɗan adam numfashi. Ka suturta 'ya'yanmu da adalcin Ɗanka, ka riƙe su da Ruhunka Mai Tsarki a duk inda suka tafi neman abinci, ka komo mana da su da damina suna cikin bangaskiya. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.