Gishiri a Ruwan Tsimi: Inda Riba Take

Malamai, ɗalibai da sauran masu sauraro, maganata ta yau a kan wata matsala ce da ta daɗe tana ci wa masana'antun tsimi tuwo a ƙwarya. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Chaim Weizmann, malami a Jami'ar Manchester ta Ingila, ya nuna yadda bakteriyar da ake kira Clostridium acetobutylicum ke cin sitaci ta fitar da asiton da butanol da etanol. Tun daga wannan lokaci aka gane cewa sa ƙwayar halitta ta yi sinadari abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da ciro shi daga ruwan da ta yi shi a ciki. Butanol guba ne ga bakteriyar da ke yin sa, shi ya sa jimillar sinadaran ba ta cika wuce giram 20 a lita guda ba. Sauran duk ruwa ne, kuma dafa shi don a tara tururi yana cin wuta mai yawa. Ga sinadarai irin su butandiyol da furofandiyol abin ya fi muni, domin na farko sai zafi ya kai kusan digiri 180 yake tafasa, na biyu kuma ya haura 200. Ke nan sai an ƙone ruwan kaf kafin a kai ga abin da ake nema.

Wannan ya sa aka koma ga zuba wani sinadari mai narkarwa domin ya janye kayan daga ruwan. Sai dai waɗannan kaya suna manne wa ruwa ƙwarai, ba sa yarda su bar shi. A nan gishiri yake shigowa. Tun 1888 Franz Hofmeister ya nuna a birnin Prague cewa gishiri iri-iri ne wajen ƙarfin kore abin da ya narke a ruwa, kuma masu salfet da fosfet sun fi gishirin girki nesa ba kusa ba. Dalili shi ne ƙwayoyin gishirin suna riƙe ruwan da ke kewaye da su, sai sinadarin ya rasa ruwan da zai fake a ciki, dole ya ƙaura. Haka masu masana'antar sabulu ke zuba gishiri sabulu ya taso sama ya rabu da ruwansa. Idan aka sa fosfet na fotasiyam isasshe, hatta etanol da ke gauraya da ruwa sarai sai ya ware ya hau sama, ɗauke da kayan, yayin da gawar bakteriya da furotin ke taruwa a tsakani. An tace kuma an ciro a aiki ɗaya.

To, masu suka suna cewa gishirin da ake bukata yana da yawa, yana kashe bakteriyar, yana cinye ƙarfen tukwane, kuma ruwan da ya rage ba ya zubuwa a kogi. Batun kashe bakteriya bai dame ni ba, tunda ana iya zuba gishirin bayan tsimi ya kammala. Tsatsa kuwa an fi danganta ta da gishiri mai kulorin, wanda dama bai kai salfet da fosfet ƙarfi a wannan aiki ba. Amma suka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma masana'antar asid na madara shaida ce: hanyarta ta gargajiya tana barin kusan tan guda na jifsam a kan kowane tan na asid. Duk wanda ya rage kuɗin wuta ya tara tsaunin shara bai warware komai ba.

Amsar tana cikin dawo da gishirin. Ana iya zuba metanol a ruwan da ya kwanta a ƙasa, gishirin ya daskare a kwashe a sake amfani da shi. Salfet na amoniya da fosfet na fotasiyam kuma dama takin zamani ne, don haka abin da ya rage yana iya samun mai saye. Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu masu bincike: duk wanda ya kawo mana adadin sinadarin da ya ciro, ya kawo tare da shi adadin gishirin da ya dawo da shi da wutar da hakan ya ci.